Ranar Haihuwar Rumbun Burtali

Duk abin da ɗan Adam ya gina a bayan ƙasa, daga daulolin da muka karanta a aji har zuwa katangar maƙwabci, a kan tambaya ɗaya yake tsaye: yaushe? Wa ya riga zuwa, wa ya tarar. Gado da sarauta da iyakar gona da limancin masallacin unguwa, duk da wannan kalma ake yanke su. Al'ummar da ta san ranar da abu ya fara ta zauna lafiya. Wadda ba ta sani ba kuwa, sai dai ta tara dattawa a gindin itace su yi ta rantse-rantse har la'asar. Shekara talatin da ɗoriya ina faɗa wa ɗalibai haka a darasin tarihi, ina ƙwanƙwasa allo da alli, su kuma suna kallon ƙofa.

Ban san za a gwada maganar a kaina ba sai da na yi ritaya, aka ɗora mini sakatarcin wata ƙungiya ta manoma da makiyaya a ƙasar Rano. An zaɓe ni ne saboda rubutuna yana karantuwa, kuma saboda ba wanda yake son aikin. Wasu masu aikin raya karkara suka ba mu kwamfuta, suka koya mini na kwana uku yadda ake zuba abu a cikin abin da suka kira rumbun bayanai. Sunan ya yi mini daɗi. Rumbu dai na sani: ka gina, ka zuba, ka rufe, ka kwana da kwanciyar rai. Na yi rumbun sunayen 'yan ƙungiya, na yi na rigakafin shanu, sannan na yi na burtali.

Burtalin da ake magana wanda ya taso ne daga rugar Ardo, wajen Zurgu, ya ratsa tsakanin gonaki ya sauka rafi. Ardo dattijo ne da ya haura saba'in. Ya fi shekara talatin a wurin, ya yi gona, ya kafa gida na ƙasa, jikokinsa suna makarantar boko da 'ya'yan manoma. Amma shanunsa ba su daina jin ƙishi don ya zauna ba, kuma ba su da hanyar ruwa sai wannan. Kowa ya san yadda burtali yake mutuwa a ƙasar nan. Ba a toshe shi rana ɗaya. Bana manomi ya ƙara kunya ɗaya, baɗi na ɗaya gefen ya ƙara tasa don kada a bar shi a baya, shekara goma sai ka ga hanyar da garke ke bi ta koma ta mai keke.

Don haka ne bara, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, muka fita mu uku da igiya: ni da Ardo da Sarkin Noma, Allah ya jiƙansa. Muka auna burtalin gaɓa-gaɓa. A daidai gonar wani Alhaji muka sami taku goma sha takwas. Na rubuta a littafi, daga baya na zuba a kwamfuta. Littafin na ajiye shi a kabad ɗin ofis, inda gara ta yi masa karatun da ba wanda ya taɓa yi masa, daga bango zuwa bango.

Alhajin nan abokin karatuna ne tun firamare. Ya fi ni lissafi, na fi shi Turanci, kuma duniya ta nuna wanne ne ya fi amfani: shi ya zama babban ɗan kasuwar hatsi, ni na zama mai farin alli a hannun riga. Washegarin ƙaramar Sallah ta bara aka yi ruwan shuka, 'yan ƙwadagonsa suka yi huɗa har cikin burtali, da yamma shanun Ardo suka bi ta kai. Aka yi cacar baki, aka ɗaga sanda ba a sauke a kan kowa ba, dattawa suka yayyafa wa abin ruwa. Bana da damina ta kama sai Alhaji ya sake shuka dawa a wurin, ya bar wa shanu taku shida. Ardo ya kai ƙara wurin dagaci, dagaci ya aiko a kira ni da takardata.

Na karanta taku goma sha takwas da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Alhaji ya bari na gama, ya gyara zaman hularsa.

"Malam Sakatare, ni ban ce ka yi ƙarya ba. Tambaya ce da ni. Yaushe ka rubuta?"

"Kafin rigima."

"Wa ya gani?"

"Yana cikin kwamfuta."

"Ai na ji yana ciki. Jiya ma in ka zuba abu yana ciki. Sarkin Noma ya riga mu gidan gaskiya, Ardo shi ne mai ƙara, littafi ka ce gara ta yi kalaci da shi. Saura kai. In kafin rigima ka rubuta, na yarda awo ne. In bayan rigima ne, to ra'ayi ne. A tambayi kwamfutar ranar. Ita dai ba ta shan kindirmon gidan Ardo duk ranar kasuwa."

Aka yi dariya, har da ni, don kindirmon gaskiya ne. Dagaci ya ce hujjar Alhaji hujja ce. Ya ba ni zuwa Alhamis ta sama in kawo ranar da aka buɗe rumbun. Na ce ranka ya daɗe, wannan aikin minti biyar ne.

Na tafi kai tsaye shagon Hajiya a cikin garin Rano. Tsohuwar ɗalibata ce, yanzu uwar 'ya'ya huɗu, ita ke buga wa rabin gari takardu, ita ce kuma ta kwashe mana kaya daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa a ranin da ya wuce. Tana aji ba ta taɓa riƙe shekarar yaƙi ko ɗaya ba. Na ajiye mata na'urar na ce ta fito mini da ranar.

Ta danna nan, ta danna can, ta juyo da fuskar kwamfutar wajena. Ga rana ɓaro-ɓaro, har da minti. Sai dai ranin bana ce, wata tara bayan rigima.

"Malam, kada ka firgita. Wannan ranar tashi ce, ba ranar haihuwa ba. Ranar da na kwaso rumbun na juye shi a nan ke nan. In aka juye, sai ta ɗauka yau aka gina."

"To ina ta haihuwar?"

"Manhajar nan ba ta ajiyewa. Ta san sunan rumbu, ta san mai shi, ta san girmansa, ta san duk abin da ke ciki. Ranar da aka ƙirƙire shi ce ba ruwanta."

"Hajiya, an ƙera abin da zai riƙe sunan saniya dubu da ranar allurar kowacce, ya kasa riƙe ranar sunansa shi kansa?"

"Malam, kai yaushe aka haife ka?"

"Ɗaya ga Janairu."

"Ni ma. Maigidana ma. Ka ga ashe 'yar gida ce."

Na ce mata ban zo a yi mini darasi ba. Ta ce ai bashin darasi take biya, nawa ya fi wannan tsawo. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa tsoho. A cikin faifan tsohuwar kwamfuta, in ji ta, akwai wani ɗan ƙaramin fayil da ake rubutawa a daidai lokacin da aka buɗe rumbu, ba a kuma sake taɓa shi. In faifan yana raye, in ba a goge shi ba, ranar tana jikin wannan fayil. In kuwa an goge, sai dai in rantse.

Tsohuwar kwamfutar mun bayar da ita sadaka ga wata makarantar Islamiyya a Kibiya. Ni na rubuta takardar miƙawa, har da jawabi. Washegari da sassafe na hau babur. Hanyar ta jiƙe, duwatsu sun yi baƙi da ruwa, gero da dawa sun rufe ƙasa ta ko'ina, ni kuwa ba abin da nake gani sai burtalai. Duk wanda na wuce sai na auna shi da ido. Ban ga mai taku goma sha takwas ba ko ɗaya, abin ya ƙara mini rashin sukuni.

Shugaban makarantar ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa darduma, ya yi mini godiya a kan kwamfutar har sau uku kafin ya faɗa mini cewa ta mutu tun watan da ta zo. Ya bai wa wani mai gyaran rediyo da waya a bakin tasha. Mai gyaran na same shi a cikin tarin wayoyi da batura, ya nuna mini gawar a ƙarƙashin tebur, ciki a buɗe kamar ragon layya.

"Faifan fa?"

"Au, wannan ɗan ƙarfen? Shi kaɗai ne mai rai a cikinta. Surukina ya ara zai zuba karatun tafsiri."

"Ya zuba?"

"Allah masani, Baba. Ya tafi kudu da lodin albasa. Ko gobe ko jibi."

Na san ko gobe ko jibi. Na yi shekara talatin ina jin ta daga bakin masu gyaran rufin aji. Duk da haka na koma gobe, na koma jibi, na koma gata. Na kira surukin a waya, ta shiga sau ɗaya, na ji ƙarar mota da wata murya tana cewa faifan yana cikin jaka, jakar kuma ko tana gida ko tana tare da shi. Na roƙe shi kada ya zuba komai. Ya ce, "Ko tafsiri, Malam?" Na ce ko tafsiri, Allah ya yafe mini. Uwargida ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na ƙona mai a kan abin da ba ta'aziyya ba sai wannan mako. Abinci in na zauna ci sai in tashi in duba waya. Na zazzage kabad ɗin ofis sau biyu, ko gara ta rage shafi ɗaya don kunya. Ba ta rage ba.

Ranar Talata na biya rugar Ardo. Na same shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Ya sa aka kawo kindirmo, na ce a mayar, a wannan makon ba zan sha ba. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Modibbo, har nono ya zama shaida?"

Na faɗa masa inda aka kwana. Bai daina tufka ba.

"Ni ban san rubutu ba," in ji shi. "Na san dai da can garke yana wucewa, mai kora yana gefe, ba wadda ta taɓa ganyen kowa. Yanzu taku shida. Shanu biyu masu ƙaho in suka jera sun cika shi. Ta uku ina za ta sa ƙafa? Gonar mutum. Yau ƙara, gobe ƙara. Ba zan ƙare tsufana a ƙofar dagaci ba. In an bar shi haka, bayan kaka sai mu tashi."

"Ku tafi ina, Baffa?"

"Inda ake tafiya." Ya nuna wani wuri da haɓa, bayan shingen gidan. "Uwar 'ya'yan nan tana kwance can. Ita ce dai ba ta tashi."

A kan hanyar komawa na tsayar da babur a gefen titi, na yi abin da nake hana ɗalibai: na nemi tarihi a cikin kaina. Na tuna ranar da na buɗe rumbun sarai. Zafi ne irin na gabanin damina, wanda riga ke manne wa baya. Babu wuta, janareta yana ta kuka a bayan taga. Littafin awo yana hagu, ina bin layi da yatsa ina bugawa da yatsa ɗaya na dama. Ƙamshin girki yana shigowa daga maƙwabta yana damuna. Bakina a bushe, leɓe ya tsage, ina duban agogo ina lissafin saura awa nawa a sha ruwa. Azumi nake. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Azumi kuwa kafin Sallah yake, Sallah kuma kafin rigima. Na ji kamar an sauke mini dutse. Ashe ranar tana nan a ajiye, ba a faifai ba, a maƙogwarona.

Laraba na sake komawa Kibiya duk da haka, don malamin tarihi ya fi son takarda da maƙogwaro. Suruki bai dawo ba.

Alhamis aka taru a ƙofar dagaci. Na yi bayanin ranar tashi da ranar haihuwa, da faifai da lodin albasa. Na ga idanun mutane sun fara komawa irin na ɗalibaina. Dagaci ya katse ni.

"Malam, a taƙaice, na'ura ba ta sani ba."

"Ba ta sani ba, ranka ya daɗe."

"Kai ka sani?"

"Na sani. Ranar wata ce ba zan iya faɗa ba. Amma na rubuta shi ina azumi, bakina a bushe. Wannan na tabbata, kuma Allah yana ji na."

Dagaci ya dubi Alhaji. Alhaji ya juya carbi, ya ɗago.

"Tun muna aji uku ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Yawan magana dai, wannan kam. In ya ce da azumi a bakinsa ya rubuta, na karɓa." Ya juya wajen Ardo. "Baffa, gobe ka turo a ja igiya. Abin da ya shiga naka, nawa hannun zai cire."

Haka kuwa aka yi. Dawar ta kai gwiwa, kore shar, irin wadda manomi ke zagayawa da yamma don kallo kawai. Alhaji ya tsaya da kansa, da babbar riga, 'yan ƙwadago suna tuge ta kunya bayan kunya har taku goma sha biyu. Da aka gama ya sa aka ɗaure ta dami-dami aka kai rugar Ardo, ya ce tunda shanu suka ci shari'a, su ci dawar ma. Da yamma garke ya sauka rafi, mai kora yana gefe.

Ni kuwa ban huta ba. Na koma wurin Hajiya na ce wannan abin kunya ba zai sake faruwa a ƙungiyar da nake sakatare ba. Ta yi mini wani ɗan jadawali a cikin kwamfutar, wanda duk lokacin da aka buɗe sabon rumbu zai rubuta sunansa da rana da awa da wanda ya buɗe, kuma ko an juye kaya zuwa wata na'ura ranar za ta bi shi yadda take. Na sa ta buga mini a takarda, na liƙa a bango, nesa da kabad. A taron wata na yi wa 'yan ƙungiya jawabi a kan haka na kusan awa guda. Na ce tunanin mutum mai gaskiya ya cece mu wannan karo, amma al'umma ba ta dogara da sa'a. Aka tafa, musamman da na zauna.

Bayan mako uku mai gyaran rediyo ya aiko mini da faifan a cikin ledar burodi, ta hannun wani direba. Suruki ya dawo, bai zuba komai ba. Na ɗauka na nufi shagon Hajiya da saurin da ban yi ba tun ina saurayi. Niyyata in sa ta buga ranar da manyan baƙaƙe, in kai wa Alhaji har rumfarsa, in ajiye masa a kan buhu ba tare da na ce komai ba. Har na shirya irin shirun da zan yi.

Ta haɗa faifan da kwamfutarta, ya yi 'yar ƙara, ya buɗe. Ta bi ma'ajiyar faifan, jaka cikin jaka, har ta kai ga ɗan fayil ɗin. Ta duba. Ta ɗauki wayarta ta buɗe kalandar Musulunci ta bara, ta duba, ta sake duba fuskar kwamfutar.

"Agogon tsohuwar yana daidai?" na tambaya.

"Daidai yake, Malam. Na gwada da wasu takardun da na san ranarsu."

"To karanta."

"In karanta, ko in rufe mu ce faifan ya mutu?"

"Hajiya, ni na koya miki tarihi."

"Shi ya sa na tambaya."

Ta karanta. Kwana huɗu ne bayan rigimar. Azumin Sitta Shawwal nake yi.